Kayan Kallo, Masu Su Abin Kallo

A ƙofar shagon wani mai gyara a cikin garin Daura akwai benci guda mai gajeriyar ƙafa, an tokare ta da mataccen batir. Shekaru ke nan ina ɗumama bencin nan tsakanin la'asar da magariba. Ba zan faɗi unguwar ba, domin mai shagon ya rantse in na tara masa 'yan zaman banza zai fara yanka mini haraji. A jikin bango an rubuta "Mai Gyaran Rediyo" da fentin da ya koɗe, amma abin da ke jibge a ciki yanzu talabijin ne sirara kamar faifan rufe ƙwarya, da dikoda, da tarin sifiku, da baƙin akwatin nan mai gurnani da ake kira wufa.

Duk wanda ya sayi kayan kallo a ƙasar Daura, mutumin Zango ne ko Sandamu, Ɓaure ko Mai'aduwa, a Sabon Garin Kano ya yi ciniki ko ta Kwangwalam kayan suka tsallako, wata rana a nan zai sauke su daga bayan babur. Mai sayarwa yana ganin mutum ranar da ya sha wanka ya cika aljihu. Mai gyara kuwa sai ranar da ido ya raina fata. Shi ya sa na fi yarda da shaidar mai gyara. Daga bencin nan na lura da wuya ka sami wanda ya yi shawara da kunnensa, ko ɗakinsa, ko wutar gidansa kafin ya zaro kuɗi. Da wani can daban aka yi shawarar, kuma galibi shi wanin bai ma san an yi da shi ba.

Wanda ya fi kowa yawan zuwa shi ne Mai Lissafin Wat. Saurayi ne yawanci, ko magidancin da samartaka ba ta gama sakinsa ba. Tambayarsa ɗaya ce a kasuwa: "Wat nawa ne?" In kwali ya ce 3000 sai ya taɓe baki, domin na abokinsa 5000 ne. Ba zai huta ba sai ya samo wanda aka zana wa 8000 da jan rubutu, ga hoton walƙiya a gefe. Ƙananan haruffa huɗun da ke biye da lambar, PMPO, bai taɓa tambayar ma'anarsu ba. Su kuwa haruffan nan lasisin ƙarya ne: wai ƙarfin da na'urar za ta iya taɓawa na ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida guda da ta ɗaure kamfani wajen awon, kowa da mudunsa. Ma'aunin da ake iya kamawa shi ne wanda ake rubuta wa RMS, ƙarfin da za ta iya riƙewa tana cikin aiki, shi kuma a gindin kwali ake ɓoye shi, in ma an rubuta.

Ranar da kayan suka yi gum ya kawo su, mai gyara ba ya musu da shi. Juya akwatin kawai yake yi, ya nuna masa 'yar takardar da ke manne a baya, inda aka rubuta abin da yake ci daga soket.

"Maigida, karanta nan. Sittin. Abin da ya ci sittin, ta ina zai amayar da dubu takwas? Dutsen guga ɗaya wajen dubu yake ci. Da maganar kwalin nan gaskiya ce, guga takwas ka jona a ɗakinka, da tuni katifarka ta toye."

"Amma fa yana da ƙara, Oga."

"Jaki ma yana da ita."

Wannan duk ba ya shiga kunnensa, wataƙila don kunnen ya riga ya ji jiki. Ka gaya masa ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙarar da mutum ke ji, sai an ninka ƙarfin wajen sau goma, zai dube ka kamar kana yi masa baƙin ciki. Ma'auninsa kwanon rufi ne. In ya murɗa kwano bai yi rawa ba, an cuce shi. Ya kan ƙure gurnanin wufa har ƙarshe, ta yadda in ya sa fim ɗin Indiya mai fassara za ka ji kowane naushi a ƙirjinka, amma ba za ka taɓa sanin abin da ya haɗa faɗan ba. Wata tsohuwa maƙwabciyar ɗaya daga cikinsu sau biyu tana fitowa kwashe shanya a tsakiyar watan Maris, ta ɗauka hadari ne ya taso daga gabas.

Yayansa a wannan hali shi ne Alhaji Inci. Shi ba ruwansa da kunne, ido yake yi wa hidima, kuma ba nasa idon ba. Ya je gaisuwar Sallah gidan abokin kasuwancinsa, ana ta hira, shi kuwa hankalinsa na kan bangon falo. Kafin ya sa takalmi ya riga ya ja yaron gidan gefe ya tambaya. An ce masa talabijin ɗin inci 65 ne. To, 75 ke nan, an rufe magana.

Ba wanda ya tuna masa cewa mai inci 75 faɗinsa ya haura mita ɗaya da rabi, kwalinsa kuwa ya fi haka. Gidan Alhaji ginin iyaye ne, kuma kakanninmu sun karkata hanyar zaure ne da gangan don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Ba su yi tanadin kwalin Hisense ba. Na ga ranar da ƙarti huɗu suka yi ta juya kwali a cikin zaure kamar masu neman shigar da raƙumi akurki. A ƙarshe ta kan katanga aka zura shi da igiyar guga, Alhaji yana ƙasa hula a hannu yana ta faɗin, "A hankali, yara, a hankali, kuɗin sa guda ne a hannunku!"

An shigar, an kafa, sai aka ga ɗakin taku huɗu ne daga kujera zuwa bango. Kallon ƙwallo ya koma aikin wuya, kai na kai da kawowa kamar wanda ya tsaya a sahun gaba ranar Hawan Magajiya dawaki na wucewa ta gabansa. Allon 4K ne, ɗigon haske sama da miliyan takwas ke cikinsa, kowanne yana jiran a ba shi aiki. Abin da ake ba shi kuwa fim ne da yaro ya karɓo a mimori daga shagon masu turi, wanda aka matse don ya shiga 'yar waya. Fuskar jarumi ta baje ta zama dambu. Washegari Alhaji yana gaban mai gyara yana cewa jabu aka sayar masa. Har yau "filasima" yake ce wa abin, alhali Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasima tun 2014. Ban ga laifinsa ba a nan. Mu da muke ihun NEPA in an kawo wuta, shekara nawa ke nan da aka sauke mata wannan suna? Tun 2005.

Inda abin ya fi daɗin kallo shi ne ɗakin amarya. A yadda muka taso muka gani, gado da kujeru da jere na iyayen yarinya ne, kayan kallo kuwa ango ake sa wa ido. Shi ango a wannan lokaci ba mutum ba ne, tunkiya ce aka kai kasuwa. Lefe ya tatse shi, mai fenti na binsa bashi, amma an riga an tsegunta masa cewa ƙawar amarya da aka kai watan jiya mai sifika shida aka saya mata. Don haka shi ma shida.

Tsarin nan na sifika biyar da wufa ɗaya, wanda ake rubutawa 5.1, daga gidajen sinima ya gangaro cikin gida. Kamfanin Dolby ya shigo da nasa a finafinai a 1992. Kowace sifika da aikinta: ɗaya a tsakiya dab da allo, ita ke ɗauke da magana; biyu a dama da hagu; biyu a gefen mai kallo ko ɗan bayansa, don in jirgi ya wuce a fim ya ji kamar ta kansa ya bi. Wufa ce kaɗai ba ta cika damuwa da wuri ba, saboda kunne ba ya saurin gane inda gurnani ke fitowa. Haka masu ƙera abin suka tsara. Ba su san Gwaggo ba.

Gwaggo ita ce shugabar 'yan jere. Ta aurar da 'ya'yan dangi sun fi ashirin, kuma iliminta ɗaya ne: abin da ke dama dole ya yi daidai da na hagu. Ƙanen ango ya zo haɗa wayoyi, ya ɗauki sifiku biyu zai zagaya bayan kujera.

"Kai ɗan nan, ina za ka da su?"

"Gwaggo, waɗannan a baya ake sa su."

"A bayan kujera? Yayanka ya zuba kuɗinsa ka zo ka ɓoye? 'Yan ganin ɗaki su ƙirga huɗu su fita da labari? Aje su nan ka ba mu wuri."

Haka za a jera su duka a gaba, kafaɗa da kafaɗa kamar dogarai a ƙofar fada, dogaye a gefe, gajeru a ciki, kowace da furen roba a ka. Wufa a shimfiɗa mata ɗan kyalle mai aiki a ɗora filas ɗin shayi. Jirgin da ya kamata ya bi ta kan amarya sai ya tashi daga bayan fure ya sauka a bayan fure. Amma in za a faɗi gaskiya, Gwaggo ba ta yi asarar komai ba. Galibin abin da za a kalla a ɗakin, waƙoƙin biki da finafinan da aka turo ta waya, hanya biyu kawai sautinsu ke da ita, dama da hagu. Sifikun baya ko an kai su bayan ba su da wani sabon labari. Ita kuma ƙirgar 'yan ganin ɗaki ta cika shida, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai ƙarin aure. Shi komai sau biyu yake saye, kuma a rana ɗaya, a shago ɗaya, in yana son zaman lafiya. Wani ya yi dabara ya sayo wa amarya mai inci 43, ya bar uwargida da mai 32 na zamanin aurensu, yana ganin mata ba su san inci ba. Ba su san inci ba, amma sun san ɗankwali. Uwargida ta aiki 'yar autarta ta je ta gaida Anti, ta ba ta ɗankwali a hannu. Yarinya ta dawo da rahoto: ɗankwali ɗaya da taƙi guda. Na uwargida ɗankwali ɗaya bai cika ba.

Da daddare, bayan ya ci tuwo: "Malam, ashe idanun nawa ne suka fi ƙanƙanta a gidan nan?"

Sati bai zagayo ba ya kama hanyar Kazaure zuwa Kano. Yau gidan da manyan talabijin biyu, a wannan ɗaki ana Labarina, a wancan ana Daɗin Kowa, shi kuwa maigida ranar da ƙungiyarsa ke wasa sai ka tarar da shi a gidan kallo, kan benci, tsakanin yaran da ya haifi sa'anninsu.

Sai Ɗan Baljiyam. Wannan mai aƙida ne. A wurinsa duk abin da ya fito sabo a kwali leda ce, kayan kirki sai wanda Bature ya gama amfani da shi. Sunan ya biyo tsofaffin motocin da ake lodowa daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano, har ya zama duk na hannu Baljiyam ne, ko daga Japan ya fito. Ma'auninsa nauyi. Zai ɗaga amfilifaya da hannu biyu, in ƙugunsa ya amsa sai ya gyaɗa kai. Kuma ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya: tsofaffin Sony da Pioneer da Kenwood masu katon taransifoma a ciki, in ka dace, sautinsu ya fi na sabbin robobin nan nesa ba kusa ba. Matsalarsa karatu. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Akwai ɗan akwatin rage wuta da ake haɗawa da irin waɗannan, amma shi zumuɗi ba ya barinsa ya duba bayan kaya. Ya lanƙwasa ƙafar filogi, ya cusa a soket, ya yi bisimilla. Ƙara ɗaya ake ji, ba ta sifika ba, sai ƙauri. Idan ya shigo shago rungume da gawar, mai gyara ba ya ko buɗewa. Sunsunawa yake yi ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."

Kusan kowane ɗayan waɗannan da ɗan rakiyarsa ya je kasuwa. Ɗan rakiya bai taɓa sayen ko rimot ba, amma shi ya san komai. Ya ƙwanƙwasa sifika da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya kara kunne, ya ce wannan ba ta nuna ba. Ya yi wa mai shago tsawa, ya ja mai saye waje, ya dawo shi kaɗai wai ya manta hularsa. Abin da ya dawo ɗauka, dillalan shanu na kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi sun san sunansa: la'ada.

Akwai kuma Malam Mai Niyya. Shi ba kayan kallo ya saya ba, a cewarsa. Azumi ne ya ƙarato, yana son iyali su riƙa jin tafsiri, a kuma ga Harami kai tsaye lokacin tarawihi. Niyya mai kyau, kuma a watan Ramadan ana cika ta. Bayan Sallah ne labari ke canjawa. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 aka sami malamai da yawa masu cewa, "Ni fa ba kallo nake ba, wucewa na zo yi na ga yara sun kunna." Mai wucewar nan ya san wanda ya saki wa, da wanda ya ci amanar wa, har yana faɗin abin da zai faru mako mai zuwa. Babban yatsansa kullum yana kan maɓalli guda na rimot. Da an yi sallama a zaure, kafin a amsa, allo ya koma Makka. Rimot ɗin da yake kawowa gyara duk maɓallansa sababbi ne, in ban da wannan ɗaya da ya lotsa.

Matarsa, ko yayarsa, ita ce Hajiya Mai Leda. Rimot a cikin leda, an ɗaure da kyauro. Takardun talla da aka manna a kusurwar allo suna nan shekara biyar, sun rufe rabin sakamakon wasa. Dikoda da amfilifaya an lulluɓe su da zane saboda ƙurar hunturu, kuma tana da hujja, ƙurarmu ba ta da tausayi. Sai dai ba a yaye zanen ko ana aiki da su, ƙofofin shan iska duk a toshe, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Kayanta ne suka fi na kowa tsafta a shagon mai gyara. A dafe suke zuwa.

Duk waɗannan da na lissafa, akwai baƙon da suke mantawa su gayyata, shi ne wuta. Mutum ya kashe dubu ɗaruruwa kan allo da sifiku, a ce ya ƙara 'yan kuɗi kaɗan ya sayi sitabilaiza, sai ya ce mai shago na son cutarsa. Wuta ta tafi kwana biyu, ta dawo tsakar dare da fushinta, ko ta zo rabi-rabi tana lumshe ƙwai kamar mai gyangyaɗi. Da safe babura sun yi layi a ƙofar shago. Mai gyara yana kiran irin wannan safiya kaka.

Da can 'yar janareta Tiger ce ke rufa asiri, duk da cewa ƙararta ta fi ta sifikun, har sai an ƙure murya don a danne ta, ita kuma ta ji nauyi ta shaƙe. Daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, 'yar Tiger ta koma bayan ɗaki kaji na kwana a kanta. A nan aka haifi sabon mutum, Ɗan Sola. Shi ma wat yake ƙirgawa, amma ta ƙasa. Tambayarsa a kasuwa, "Nawa yake ci?" Ya san mai inci 32 bai cika wuce wat 50 ba, ya san abin da fanka ke sha, ya san ƙarfe nawa batir zai fara kuka. Ya fi kowa hankali cikin masu saye, ya kuma fi kowa takura wa iyali. Yana zaune ana kallo, idonsa ba ya kan fim, yana kan 'yar lambar da ke jikin inbata. Ana dab da gano wanda ya sace jaririn sai ya miƙe: "A kashe haka nan, a bar wa fanka." Da asuba kuma ya tasa yara su hau rufi da tsumma su goge faranti. Yaran gidansa sun san farkon finafinai da yawa.

Wanda raina ya fi kwantawa da shi, duk da wautarsa, shi ne Mai Majigi. Dattawa sun san majigi tun zamanin Turawa: mota ce ke zuwa da injinta, a kafa farin allo a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a nuna fim kan tsafta ko noman gyaɗa da auduga, wani na riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Sunan ma daga abin da Turawa ke kira fitilar sihiri ya samo asali, kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da yawo da shi bayan samun 'yancin kai. To, majigi ya dawo, wannan karon a aljihun ɗan makaranta. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ne, ko ɗan bautar ƙasa, ya yi odar wata 'yar na'ura kamar gwangwanin madara daga Sin. An rubuta mata lumen dubu kaza, wato ƙaryar wat ce ta sake riga. Ya kunna da azahar a ɗakin da rana ke shigowa ta taga, bai ga komai ba sai inuwar aljanu a bango. Majigi duhu yake so, Daura kuwa Allah ya hore mata rana.

Sai ya fito da ita tsakar gida bayan isha'i, ya ɗaure zanen gadon innarsa a igiyar shanya. A nan abin ya yi kyau, wallahi. Iska na kaɗa zane, fuskar jaruma na kumbura tana motsewa. In damina ce duk ƙwarin unguwa sun hallara a gaban fitila, inuwar fara ɗaya ta rufe rabin Mumbai. Kafin a yi minti goma katanga ta cika da kawunan yara, matan maƙwabta sun shigo da tabarminsu, wata ta kawo gyaɗa tana sayarwa. Ya sayi abin ne don ya kalli fim shi kaɗai cikin natsuwa kamar yadda ya gani a intanet. Yanzu shi ne mai gidan kallon da ba a biya, kuma in ya yi fashin dare ɗaya har gida ake aiko yaro a ji ko lafiya.

Kada a ce na ware kaina. Ni ne Mai Jiran Farashi Ya Sauko. Na je sayen talabijin a 2019, sai ɗan garin nan, marigayi Shugaba Buhari, ya rufe iyakoki a watan Agusta. Na ce bari a buɗe. Aka buɗe a Disamba 2020, na ce bari kaya su gama shigowa. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023 aka sake rufewa, naira kuma ta kama gangara. Kuɗin da na ɗaure a 2019 don mai inci 43, yau in na kwance su sai dai in yi cinikin ƙarfen rataye shi. Na san sunan kowane samfuri da aibinsa, ina ba mutane shawara kyauta, kallo kuwa a nan bencin nake yi, a talabijin ɗin mutane, lokacin da mai gyara ke gwada su. Rabon da in ga fim da launinsa daidai har na manta.

Mutum ɗaya ne ke sa rubutun bangon shagon ya zama gaskiya. Wani dattijo ne, ya haura tamanin, yana zuwa kamar sau biyu a shekara, jikansa na biye da shi ɗauke da rediyo mai kaset ƙirar National, an ɗinka mata riga ta fata. Ciwonta ɗaya ne kullum, robar da ke juya kaset ta saki. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya sayo masa cikakken saiti, allo da sifiku shida, aka kafa masa a turaka. A kan wufa yake ajiye goro da carbi. Labarai a rediyo yake ji, BBC da asuba, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Sauran lokaci kuwa Shata ne. Yana da kaset cike da kwalin takalmi, kuma ba ya gajiya da faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa yana cikin waɗanda suka raka gawar Mamman Shata a watan Yuni 1999, da aka kawo shi daga Kano aka binne shi a nan Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Zuwansa na ƙarshe, jikan ya gaji da ɗaukar kaya. Ya zaro waya, ya haɗa ta da wata sabuwar sifika da aka gama gyarawa, ya sako waƙar da tsohon ya fi so. Sauti ya fito tas, kalangu kamar a cikin shagon ake kaɗa shi.

"Ka ji, tsoho? Ba shuu, ba cin zare. Ka yar da wannan akwatin gawar mu huta."

Dattijon ya saurara har amshi ya zagayo sau biyu. Sannan ya girgiza kai.

"Muryar tasa ce. Amma wa ya wanke shi haka? Ja'iri, kashe, kada ka sa masa mura."

Mai gyara ya gama sa roba ya miƙa masa. Ya zaro kaset daga aljihun 'yar shara, ya ga zaren ya ɗan saki, ya dube ni.

"Malam, ara mini bironka."